Yini Guda A Birnin Ƙurɗuba

Bahaushe bai ɗauki yawo da daraja ba. In ka duba kalmomin da muke da su na tafiyar da ba ta da wata manufa, za ka tarar kusan dukkansu na zargi ne, kamar gantali da ragaita da gararamba da yawon banza. Tafiya a wurinmu sai da dalili, ko fatauci, ko neman ilmi, ko sada zumunci, ko aikin Haji. Wanda ya fita tun safe bai komo ba sai dare, aka tambaye shi inda ya je ya ce kallon gari, to, a unguwarmu iyayensa za a fara yi wa jaje. Su kuwa Turawa sun ɗauki abin da muhimmanci, har mutum yakan yi shekara yana tara kuɗi dominsa. Mu ma yanzu mun sama masa suna mai ɗan mutunci, wato yawon buɗe ido. Irin wannan yawo na yi na yini guda a wani birni na ƙasar Sifen, a farkon watan Mayu na 2023, shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu labarinsa.

Masu garin suna kiransa Kordoba, Larabawa kuwa Ƙurɗuba. Duk wanda ya taɓa zama a zaure gaban malami ya san wannan suna, domin littafin nan na ibada da muke ce wa Ƙurɗabi, ma'anar sunan ke nan, mutumin Ƙurɗuba. Alfazazi mai Ishiriniya, wadda ake rerawa a garuruwanmu duk watan Mauludi, a nan aka haife shi, ya rasu a Maroko a 1230. Muwaɗɗar Imamu Malik da ke hannun malamanmu kuwa, ruwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin wannan gari, wanda ya rasu a 848. Akwai wani labari nasa da ya yi ta faɗo mini a rai a ranar. An ruwaito cewa yana karatu a Madina aka shigo da giwa gari, duk almajirai suka watse suka tafi kallo, shi kaɗai ya zauna, ya ce wurin Malik ya zo, ba wurin giwa ba. Malik ya yaba da hankalinsa. To, ga ni ni kuma na zo garinsu takanas domin kallon giwa.

Taro ne ya kai ni Madrid, da aka tashi sai na ga ina da rarar kwana biyu. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya, wanda ya fara bin wannan hanya tun 1992, bai cika awa biyu ba ya sauke ni. Na kwana a wani ɗan masauki cikin tsohon gari, na kuma yi wa kaina sharaɗi uku kafin in kwanta: ba shiga mota, ba bin ɗan jagora mai ɗaga tuta, ba kuma sauri. Inda ƙafa ta gaji in zauna.

Agogon Sifen yana gaban rana ƙwarai, saboda haka ƙarfe takwas da rabi na safe a can tamkar hantsi bai yi ba. A wannan lokaci ake buɗe babban masallacin garin, a bar mutane su shiga kyauta har tsawon awa guda. Kafin ka kai ga ginin sai ka ratsa wata farfajiya mai faɗi cike da itatuwan lemo jere reras, an yi musu 'yan magudanai na dutse daga gindin wannan zuwa gindin wancan, yadda in an sako ruwa kowanne zai sha. Nan ne wurin alwala a da. A gefen arewa ga hasumiyar ƙararrawa mai tsawon mita 54, a cikin cikinta kuwa hasumiyar kiran salla ce wadda Abdurrahman na Uku ya gina, aka lulluɓe ta da sabon gini.

Da na sa kai ciki sai da na tsaya cik, domin duhu, sannan a hankali ido ya washe. Jama'a, gani ya kori ji. Ginshiƙai ne na marmara da sauran duwatsu iya ganinka, gabas da yamma, kudu da arewa, an ce guda 856 ne suka rage. Kan kowane biyu akwai baka, bisa wannan baka kuma akwai wata, an jera jan tubali da farin dutse bi da bi, ja, fari, ja, fari, har ido ya rasa inda zai tsaya. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa aka yi bakan hawa biyu, amsar kuwa mai sauƙi ce. Lokacin da Abdurrahman na Farko ya fara ginin a 785, bai sa an sassaƙa sababbin ginshiƙai ba, na tsofaffin gine-ginen Rumawa da na sarakunan Kiristan da suka gaje su aka kwaso. Ginshiƙan gajeru ne, in an ɗora rufi a kansu kai tsaye ɗakin zai zama kamar rumbu. Sai maginan suka ɗora wa kowanne wani ginshiƙi na biyu, suka ɗaure su da baka ta ƙasa don kada su baje, ta sama kuma ta ɗauki rufi. Wato rashi ne ya haifi wannan ƙawa da duniya take zuwa kallo. In ka sunkuya za ka ga ma wani ginshiƙin an yi masa ƙari a gindi, wani an nutsa shi cikin ƙasa, don dai kawunansu su zo daidai.

Shi wannan Abdurrahman ɗan gudun hijira ne. Daga Sham ya tsero bayan Abbasiyawa sun karkashe danginsa Banu Umayya a 750, ya kafa mulki a nan a 756. Jikokinsa suka yi ta ƙara masallacin yayin da gari yake ƙaruwa, kowa ya rushe bangon alƙibla ya matsa da shi gaba wajen kogi. Mafi kyawun ƙari shi ne na Halifa Alhakam na Biyu, wanda ya hau a 961. Shi ya yi mihirabin da ake gani yau, wanda ba 'yar kurɓa ba ce a jikin bango irin namu, ɗan ɗaki ne sosai, rufinsa an yi shi da siffar ƙwaryar kifin teku. An yi wa bakinsa ado da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya da shuɗi da kore, da ayoyi cikin rubutun Kufi. Gwanin da ya koyar da aikin Kirista ne, Sarkin Rum na Ƙusɗanɗiniya ya aiko shi tare da kayan aikin. Na tsaya a bakin shingen ƙarfe da aka gitta na fi minti goma ina ƙoƙarin karanta rubutun. Alƙiblar kuwa ta fi karkata kudu, alhali Makka tana gabas maso kudu da garin. Wasu masana sun ce tsarin titunan Rumawa aka bi, wasu sun ce al'adar Sham ce magina suka taho da ita.

Ƙari na ƙarshe na Almansur ne, wazirin da ya ƙwace iko ya bar halifa da suna, a wajen 987. Da yake kogi ya tare gaba, sai ya faɗaɗa ta gabas da layi takwas. Nasa ya fi na kowa girma, amma duba da kyau, ba tubali a bakansa, dutse ne zalla aka shafa wa jan fenti don ya yi kama da na magabata. Halin masu mulkin soja ke nan ko'ina, a yi babba, a yi da wuri. A jikin ginshiƙan wannan sashe masassaƙa sun bar alamominsu, wani sunansa, wani ɗan zane kurum. Su ne suka fi taɓa mini zuciya, domin ba wanda ya rubuta tarihinsu.

Kana cikin tafiya a wannan kurmi na ginshiƙai, kwatsam sai rufi ya ɗage sama, haske ya zubo, ka ga kanka cikin coci, da mutum-mutumi, da kujerun katako masu sassaƙa, da manyan bututun molon ibada. Sarki Fernando na Uku ya ci garin a 1236, aka mai da masallacin majami'a, amma kusan shekara ɗari uku ba a taɓa jikinsa ƙwarai ba. Sai a 1523 shugabannin coci suka ƙudura fasa tsakiyarsa su yi gini irin na zamaninsu. Majalisar gari, wadda ita ma Kiristoci ne, ta ƙi, har ta yi shelar hukuncin kisa ga duk maginin da ya sa hannu. Magana ta je gaban Sarki Karlos na Biyar, ya ba 'yan coci gaskiya. Ana cewa da ya zo daga baya ya gani da idonsa ya yi da-na-sani, amma bakin alƙalami ya bushe.

Ba zan ɓoye ba, raina ya sosu. Ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, ko raka'a biyu, Musulmin Sifen sun sha roƙo ba a ba su ba. A 2006 kuma hukumar cocin garin ta yi rajistar ginin da sunanta a kan Yuro 30, abin da har 'yan ƙasar da yawa suka yi ta ƙorafi a kai, suna cewa gadon kowa da kowa ne. Amma da na zauna a gindin wani lemo bayan an sallame mu za a fara ibadar safe, sai na ga lissafin bai tsaya nan ba. Manyan masallatan Ishbiliya da Ɗulaiɗila, wato Sebiya da Toledo, rushe su aka yi aka gina coci a gurbinsu, na Ishbiliya hasumiya da farfajiya kaɗai suka tsira. Wannan kuwa yana tsaye shekara kusan ɗari takwas a hannun waɗanda ba su gina shi ba, suna toshe yoyo, suna canja azara. Har gobe mutumin garin in za shi coci a nan cewa yake za shi Meskita, wato masallaci. Sannan ga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Abdurrahman na Uku ya gina kilomita takwas yamma da gari bayan ya naɗa kansa halifa a 929. Ba Kirista ne suka rushe shi ba. Musulmi ne da kansu suka wawashe shi suka ƙone cikin fitinar da ta tashi a 1009, ko shekara ɗari bai yi ba, halifancin kuma ya mutu a 1031. A ƙarƙashin daɓen masallacin ma an buɗe wani rami ana nuna ragowar wani gini da ya riga shi, wanda wasu suke cewa tsohuwar coci ce, wasu suna musu. Kowa a wannan wuri bisa kan wani ya yi gini.

Na tuna da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a ƙarni na 19. Duk wanda ya ga bakan gizonsa da ɗaurin gugansa ya san maginanmu ma sun san sirrin ɗaga rufi ba tare da ƙarfe ba. A can Zariya tsohon ginin ne aka rufe cikin sabo, a nan Ƙurɗuba sabon ne aka dasa cikin tsoho.

Daga nan na gangara kogi. Sunansa Gwadalkibir, wato Alwadil Kabir, babban kwari. Gadar da ke kansa tun zamanin Rumawa take, ko da yake an sha gyara ta, tana da baka goma sha shida, an kuma hana motoci hawanta tun 2004. Na haye a hankali har hasumiyar tsaro da ke ɗaya gaɓar, na juyo na dubi gari. Ruwan ja ne kamar na Kogin Kaduna da damina. A tsakiyar gada akwai mutum-mutumin Mala'ika Rafa'ilu, wanda mutanen garin suka ɗauka majiɓincinsu, na ga wata tsohuwa ta tsaya ta kunna kyandir ta wuce da kwandon cefanenta. Can gefe kuma ga wata ƙatuwar ƙafar katako irin wadda a da take ɗebo ruwa daga kogi ta kai lambun sarki, ana cewa Sarauniya Isabela ta sa an kwance ta asali don kukanta yana hana ta barci. Sunan irin wannan abu da Sifananci noriya, daga Larabci na'ura. Ka ji inda tamu kalmar ta samo asali. Abin da muke kiran kwamfuta da shi yau, na'ura mai ƙwaƙwalwa, asalinsa jigon ban ruwa ne.

Fadar sarakunan Kirista da ke kusa, wadda aka gina a 1328, ban shiga ba, layi ya yi tsawo. A cikinta ne kotun nan ta binciken aƙida ta zauna shekaru aru-aru tana tuhumar Yahudawa da Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci. Na wuce ta gindin bangonta na shiga unguwar San Basiliyo.

Sa'a na taka, domin a makonni biyun farko na watan Mayu ake bikin tsakar gida. Tun 1921 ake wannan gasa, a 2012 kuma Hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Abin da ake yi shi ne, masu gida su buɗe ƙofa, duk wanda ya ga dama ya shiga har tsakar gida ya ga furanninsu, ba ko sisi. Ka ji abin da ba zai yiwu a Kano ko Katsina ba, ƙato ya ratsa zaure ya faɗa cikin gida wai kallon fure ya zo! Amma tsarin gidan namu ne sak. Daga waje bango ne fari fat da farar ƙasa, ba ado, sai ƙofa da ɗan soro, sannan fili a tsakiya, ɗakuna kewaye, rijiya a gefe. Sun gaji wannan daga Rumawa da Larabawa, dalilin kuwa zafi ne, domin garin yana cikin mafiya zafi a Turai, a watan Yulin 2017 ma'auni ya kai 46.9. Bambancin kawai, su sun rataye tukwanen fure a bango tun daga ƙasa har indararo, ja da fari da ruwan hoda, ƙamshin yasmin kuwa kamar ka shiga shagon mai turare.

A gida na uku na tarar da wata dattijuwa zaune kan kujera, jikarta tana tsaye bakin ƙofa tana ƙidaya masu shiga. Yarinyar tana jin Ingilishi, ita ta yi mana tafinta. Na gaishe ta, na ce, "Sinyora, wa yake ba duk waɗannan ruwa?"

Ta yi dariya ta nuna ƙirjinta, sannan ta jawo wata doguwar gora da aka ɗaura wa gwangwani a kai. Da ita ake miƙa wa na sama ruwa, tukunya ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ɗana, sun fi ɗari uku, kuma kowacce da halinta. Wata in ka cika mata ruwa ta ruɓe, wata in ka yi mata rowa ta yi fushi."

Na tambaye ta ko tun da can haka gidan yake. Ta ce ina! Da tana yarinya iyali shida ne a ciki, kowa da ɗaki ɗaya ko biyu, rijiya ɗaya, madafa ɗaya, makewayi ɗaya. Gidan haya ne na talakawa, furannin ma a gwangwanayen da aka yar ake dasa su, don a rufe tsagar bango. Yanzu duk sun watse, 'ya'ya sun koma benaye a sabuwar unguwa, gidajen maƙwabta kuma ana ta mai da su masaukin baƙi. Na ce to bayan ita fa? Ta dubi jikar, jikar ta dubi wayarta. Ba wanda ya ce kome. Na jefa 'yan sulalla a farantin da aka ajiye a bakin ƙofa, na yi godiya na fita.

Hanya ta bi da ni gindin ganuwar gari ta yamma, inda ruwa yake gudu cikin wasu kwatamai na dutse. Sunan titin Kairuwan, wato Ƙairawan ta Tunisiya, garin mai Risala. A nan Ibn Rushdi yake zaune, na farin dutse, da littafi bisa gwiwa. An haife shi a 1126, ya yi alƙalancin garin kamar kakansa, ya rubuta Bidayatul Mujtahid, ya yi sharhin littattafan Aristo wanda jami'o'in Turai suka yi ƙarnoni suna karantawa. Duk da haka a ƙarshen rayuwarsa sarkin zamaninsa ya kore shi daga gari aka ƙone littattafansa na falsafa, ya rasu a Marrakush a 1198. 'Yan taku kaɗan gaba, a bakin Ƙofar Almodobar, ga Seneka, masanin Rumawa, shi ma ɗan garin, wanda Sarki Nero ya umarta ya kashe kansa. In ka shiga ƙofar ka bi lungun Yahudawa, ga Musa bin Maimun, babban malaminsu kuma likita, wanda iyalinsa suka gudu daga garin yana yaro saboda tsanantawar Muwahhidai, ya ƙare a Masar ya rasu a 1204. Masu yawo sun shafe takalminsa na tagulla har yana ƙyalli, wai neman albarka. Ibn Hazmi ma yana can wata ƙofar, shi kuma a Ishbiliya aka ƙone nasa littattafan. Na ce oho, ashe gari yakan kori malami da ransa, in ya shekara ɗari takwas da mutuwa a yi masa mutum-mutumi.

Ganuwar ita ce ta tsaya mini a rai. Bisa ga Tarihin Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara badalar Kano, ya kuwa yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, wato ana cikin aikinta aka haifi Ibn Rushdi. Sau nawa muka zauna a ɗakin taro na jami'a, mai lacca ya kawo zancen Andalus, ya ce an yi halifa mai littafi dubu ɗari huɗu, mu yi ta kaɗa kai muna juyayin abin da aka ƙwace mana? In an tashi kuma mu hau mota mu bi ta gefen badala, mu ga inda aka yanke ta aka yi shago, da inda aka ɗebe ƙasarta aka yi bulo, da inda ta zama juji, ba mai ko tsaki. Ita wannan ba Fernando ne ya ci ta da yaƙi ba. A ganina kukan Andalus yana da daɗi ne domin ba ya bukatar mu ɗauki ko kwando ɗaya na ƙasa.

Majami'ar Yahudawa ta 1315 tana cikin wannan lungu, 'yar ƙarama ce, ba ta fi zauren mai unguwa ba, adon bangonta irin na Larabawa, rubutun kuwa Ibrananci. An kori masu ita daga ƙasar a 1492. Kusa da ita akwai 'yar kasuwar masu sana'ar hannu da suke kira soko, wato suƙ, inda na tarar da baduku yana buga zane a kan fatar da aka shafa wa ruwan azurfa. Sunan wannan aiki gwadamesi, daga Gadamas, garin nan na Libiya wanda fatakensa suka yi zamani suna zaune a Kano suna sayen fatun jar akuya suna haurawa da su hamada. Na sayi ɗan ƙaramin abin sa alama a littafi, shi ne iyakar ƙarfina.

Wajen ƙarfe biyu yunwa ta taso. Na sami wata rumfa a inuwa na nemi salmoreho, abincin da garin ya yi suna da shi. Tumatir ne da burodi da tafarnuwa da man zaitun ake niƙawa har su yi kauri kamar fura, a sha da sanyi. Bisa al'ada ana barbaɗa masa dafaffen ƙwai da naman alade, saboda haka duk mai zuwa ya koyi cewa sin hamon, wato ban da shi. Na haɗa da soyayyen yalo irin nasu mai baƙar riga, an yaryaɗa masa baƙar zumar rake. Ina ci ina kasa kunne ga hirar maƙwabta, ina tsintar kalmomi. Mai a wurinsu aseite, wato azzait. Shugaban gari alkalde, shi ne alƙalinmu, su da mu duk mun haɗiye kalmar tare da al ɗinta, kamar yadda muka yi wa albasa da alkama da alƙalami. In za su ce har zuwa, sai su ce asta, ita ce hatta. In suna fata su ce ohala, har da sunan Allah a ciki, mai faɗa bai sani ba. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce fulano, na ɗauka zancen Fulani ake, ashe fulan ce ta Larabci, wato wane. Ga aikin digiri nan kwance ga ɗalibin da yake neman batu: a jera kalmomin da Hausa da Sifananci suka aro daga tushe ɗaya, a ga yadda kowa ya lanƙwasa su.

Azahar a can sai bayan ƙarfe biyu take yi. Na mike arewa, na bar tsohon gari, na isa wani lambu da ake kira Kolon, inda akwai wani ɗan masallaci fari mai ƙubba. Asalinsa an gina shi ne saboda sojojin Maroko da Janar Faranko ya kawo su taya shi yaƙin basasa na 1936 zuwa 1939, yanzu Musulmin gari ne suke salla a ciki. Mu bakwai ne a sahu, yawanci 'yan Maroko, da wani ɗan Senegal. Duk ɗakin bai kai faɗin da ke tsakanin ginshiƙai goma na wancan ba.

Da na fito gari ya mutu murus. Shaguna a rufe, tagogi a rufe, ko kare ba ya motsi. Wannan ita ce ƙailularsu, ba sa wasa da ita. Na sami benci a inuwa na cire takalmi, na yi gyangyaɗi tare da wasu tsofaffi biyu da tattabaru.

Wajen ƙarfe shida gari ya farka. Na biyo ta dandalin Tendiyas, inda agogon gari ba ƙararrawa yake bugawa ba, sautin jita yake yi. Na wuce ginshiƙan wani haikalin Rumawa da suke tsaye tsakanin ofisoshi kamar baƙin da aka manta da su, na faɗa dandalin Korredera, fili mai kusurwa huɗu kewaye da benaye, inda a da ake wasa da bijimai ake kuma zartar da hukuncin kisa. Yanzu kujeru ne da masu shan gahawa, yara suna ƙwallo. Abin da na lura da shi, kowa ya fito, tsoho da sandarsa, mai jego da keken jariri, 'yan mata hannu cikin hannu, ba inda za su, tafiya kawai suke suna gaisawa. Suna da suna ma domin wannan fita ta yamma, faseyo. Na bi sahunsu ta dandalin Fotoro, mai tsohon masaukin fatake wanda Serbantes ya ambata cikin Don Kihote, har muka ɓulla bakin kogi.

Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe tara. Na jingina da bangon gada, aka kunna fitilu, bangon masallaci ya koma ruwan zuma. A tsakiyar kogi akwai 'yan tsibirai masu duhuwar itatuwa, sai ga tsuntsaye farare suna tahowa garke-garke daga gonaki suna sauka a kai. Na ƙura musu ido, na ga ashe balbela ce, irin tamu ta bayan shanu, har da 'yar rigimar da suke yi kafin kowacce ta sami reshenta. Na tsaya har suka yi tsit, sannan na tafi neman abincin dare, wanda a can ba a fara shi sai wajen ƙarfe goma.